Ɗakin Ƙarshen Lambu

Na ce, zuba siminti, Tegid, kowa ya huta.
Sai ya tsuguna gindin tuffar da Hywel ya dasa
shekarar da muka tare a gidan nan,
ya tona da yatsa, ya nuna min saiwa
siririya kamar jijiyar bayan hannuna.
Ya ce, Malama Menna, in na danne wannan da kankare,
bana ki ci tuffa,
baɗi sai dai ki ji ɗuminta a murhu.

Na yi shiru. Ba kasafai nake yi ba.

Ya kawo turakun ƙarfe tara masu murɗa,
yana juya su cikin ƙasa sannu sannu,
yana kauce wa saiwa
kamar mai tsallake masu barci.
Ɗakin ya tsaya da ƙafafunsa,
taki guda tsakaninsa da ƙasa,
iska ta bi, ruwa ya bi,
bushiyar da ke ratsawa da almuru ta bi,
ita da ba ta taɓa neman izinin kowa ba.

Ruwan Wales ba ya sallama.
Kwana goma sha ɗaya yana zuba,
muna shan shayi ƙarƙashin tamfol,
ina lissafin kuɗi, shi yana lissafin gangara.
Ya ce ba a faɗa da ruwa, hanya ake ba shi.
Ya kafa indararo, ya aje ganga a bakinsa,
abin da sama ta zubar, kabejina ya sha.

Cikin bango kuwa, ulu.
Buhu shida daga garken Eirlys can kan tudu,
wanda 'yan kasuwa suka taya a wulaƙance
har ta rantse gara ta ƙone shi.
Muka cusa shi tsakanin katako da katako.
Mako biyu ɗakin na warin tunkiya,
na yi mita,
Tegid ya ce, hunturu zai ba ki amsa.

Bai sa kwano a rufi ba.
Ƙasa ya shimfiɗa, ya dasa 'yan tsirrai masu kaurin ganye,
wai filin da muka ara a ƙasa
mu mayar da shi a sama.
Taga babba ta dubi kudu,
don ranar nan tamu marowaciya ce,
in ta leƙo, a kama ta.

Katakon ne bai faɗa min asalinsa ba.
Tsoho, ja, da ramukan ƙusa,
na ce, sabo ya ƙare a duniya ne?
Ya ce da tsohuwar zuma ake magani,
ya ci gaba da zarto.

Sai ranar da ya rataya ƙofa
na shafa dakalin taga, yatsana ya faɗa wani zane.
Na ɗauko tabarau.
Harufa biyu, karkatattu, an ƙwaƙule da tsinin kamfas:
T da R.
Teburan makarantarmu ne,
wadda aka rufe, aka rushe bara waccan,
inda na yi shekara talatin da ɗaya ina cin alli.
Na tuna yaron. Na tuna na hana shi fita tara
saboda wannan ɓarnar.

Yana can waje yana naɗe igiya,
furfura ta fara masa a gefen kunne,
ya ƙi ɗagowa.

Yanzu Janairu. Sanyi na cizo a waje,
ciki kuwa ko safa ban sa ba.
Eirlys ta ci gardama, tumakinta sun ci.
Reshen tuffa na ƙwanƙwasa gilashi in iska ta taso,
nakan ce, shigo, Hywel,
na san ba zai shigo ba.

Ran da na tafi, in ji Tegid,
a kwance noti, a zare turaku,
a ɗauke ɗakin kamar an ɗauke kwando,
ciyawa ta rufe ramuka tara kafin kaka.

Ban goge harufan ba.
Nan nake aje kofina.