Ɗinkin Asuba a Vardø

Ƙarfe huɗu na asuba wayar Torunn ta yi ƙara.
Eilif ne: "Jirgina ya tsage a haƙarƙari,
ruwa na shiga, kifi kuwa ba ya jira."

Ba ta da shago. Shagonta farar mota ce,
janareta a baya, tukunyar gas ɗaure da igiya,
da fulas ɗin kofi da ya sha faɗuwa.

A tashar Vardø iska ba ta san na gaba ba.
Sai da aka ɗaga tamfol, shi da ɗansa suka riƙe,
don in ta kwashe gas, ɗinkin ƙuraje zai yi.

Ta durƙusa kan ƙanƙara,
ta kankare bakin tsagar da buroshin waya.
"Alminiyam munafuki ne," in ji ta.
"Baƙin ƙarfe in ya ji wuta ja yake yi,
ya ja maka kunne.
Wannan kuwa fuskarsa ba ta sauyawa,
kana kallonsa fari fat,
sai ka ga rami."

Ta sauke murfin fuska.
Shuɗin haske ya watsa tsuntsayen teku.
Ɗigo kan ɗigo, kamar ana jera kwabbai,
taƙi biyu, ba ta ɗago ba.

Eilif ya shafa tabon, da sauran ɗuminsa.
"Zai riƙe?"
"Tambayi teku."

Tana naɗe wayar wuta aka sake kira:
tankar madara ta tsiyaye, kilomita saba'in kudu.
Jirgin ya fita.
Ta madubi kawai ta gan shi.