Taron Kwalbati

Ruwan Agusta ya cinye kwalbatin layinmu a Kurmin Mashi,
ya bar rami mai haɗiye tayar babur.
Mako uku muna tsallakawa kan katako,
kowa na tsaki, kowa na cewa gwamnati,
kamar sunan wani kawu ne da ya tafi fatauci
ya manta hanyar gida.

Ni malamin tarihi ne. Kullum ina haye gada
in kai wa yaran Barnawa labarin Girkawan dauri,
suna hamma, ina zuba.
Nakan ce musu: a can, iyakar birni
ita ce inda muryar mai shela ta gaji.
Manomi ya jingine garma, ya hau tudu ya zauna,
a tambaya, wa ke da magana?
Yau ka yi mulki, gobe a mulke ka.
Da ƙwayar wake suke fidda mai muƙami,
tulu mai huda ke auna tsawon bakin mai ƙara.

Daren Alhamis na kasa barci.
Shekara goma sha tara ina sayar da wannan gishiri,
miyar gidana lami.

Asabar muka taru a ajin firamare,
manyan mutane a kan bencin yara, gwiwa har haɓa.
Na huda robar fenti, na cika ta da ruwa,
na ce in ta tsiyaye, bakinka ya tsiyaye.
Alhaji Maikano, mai gidaje shida,
bai gama gaishe-gaishe ba ruwansa ya ƙare.
Aka yi dariya har shi.

Na miƙe zan yabi Girkawa,
sai murya ta shigo ta taga.
Kande mai waina ce, hannunta duk ƙullu:
Malam, da suna kan tudun nan suna surutu,
wa ke hura musu wuta?
Na ce mata da bayi.
Su ma suna hawa tudun?
Na ce a'a.
Ta ce, to ramin nan ni ya fara karya wa kasko.

Daga bencin baya Istifanus mai walda ya ɗaga hannu.
Shekara talatin yana haya a layin,
a nan aka binne cibiyar 'ya'yansa huɗu,
har yau in zance ya yi zafi
sai a tambaye shi, kai ɗan ina ne?
Ya ce, baƙo fa, Malam?
Na sunkuyar da kai. Baƙo ya biya haraji, ya yi shiru.
Ban gaya musu sauran ba:
yadda taron nan mai daɗin labari
ya ɗaga hannu wata rana
aka miƙa wa tsoho mai yawan tambaya ƙoƙon guba.

Aka buɗe wa Kande ƙofa.
Muka zuba wake a hular Maikano, fari ɗaya cikin ja,
kowa ya rufe ido ya zura hannu.
Farin ya fito a tafin Istifanus.
Aka yi tsit na ɗan lokaci,
irin tsit ɗin da garin nan ya sani,
wanda ya taɓa raba mu, wasu kudu da kogi, wasu arewa.
Sai Kande ta kwance bakin zane
ta ajiye masa dubu biyu mai warin mai.

Kwalbatin ya ɗan karkace, ba na musu.
Siminti bai isa ba, an yi faɗa kan lissafin rodi,
mutum uku ba sa gaisawa har yanzu.
Amma Litinin da na hau gada
na leƙa ruwan Kaduna, ja, yana tafiyarsa,
bai san sunan kowa ba.
Na shiga aji, na ce a rufe littafi.
Na tambaye su, a layinku me ya lalace,
kuma wa ke tsaye a taga?