Faɗin Yatsa

Aikina tsayuwa ne.
Hannu biyu a gwiwa, baya a duƙe,
ido a kan farin layi guda
kamar mai jiran tururuwa ta tsallaka.
Shekara tara ke nan a filin nan na Osu,
inda iskar teku ke lasar raga da gishiri.
Ban taɓa ɗaga kofi ba,
amma kofi ba ya isa hannu sai ya bi ta bakina.

Yau Azara ce a wasan ƙarshe.
Azarar Nima, 'yar Lariba mai wake da shinkafa,
wadda na sani tun tana tsinto wa masu kuɗi ƙwallo,
tana dukan bangon makaranta da katakon akwatin tumatir
har maigadi ya fito da zagi.
Takalminta na farko nawa ne. Ya yi mata yawa,
muka cusa masa jarida.

Can ƙetaren raga, wata doguwa daga Tunis,
ba ta fara'a, ba ta fushi,
tana goge tafi a siket kafin kowane bugu.
Ita ma da uwarta. Na gan ta,
a kujera ta uku, carbi a ɓoye ƙarƙashin jaka.

Zango ya kwaso ya zo, torotoro huɗu.
Ba su san dalilin da maki ke tsalle
daga sha biyar zuwa talatin ba,
'yarsu dai suka sani.
Alƙaliya ta ce a yi shiru, aka yi shirun Nima:
wani na tari, wata na salati,
jariri na nasa sharhin.

Awa biyu da rabi.
Rana ta sha ruwan jikinsu, ta koma neman ƙari.
Wannan ta ci zagaye, waccan ta rama,
ƙwallo na kai gwauro tana kai mari,
takalma na kuka a ƙasa kamar 'yan tsaki.
Sai ga maki ɗaya tak tsakanin baƙuwa da kofi.

Azara ta ruga, ta miƙe har ƙarshen kanta,
ta aiko ta ta gefena.
Bugu ne irin wanda ake haifa sau ɗaya.
Na ga ƙwallon tana tafe, rawaya, tana juyi,
na ga gashin jikinta,
na ji zuciyata tana tura ta ciki,
ciki, 'yar nan, ciki kaɗan.

Ta sauka.
Tsakaninta da layi, faɗin yatsa.
Ba na'ura a filinmu. Ba wanda ya gani sai ni
da Wanda ba ya gyangyaɗi.

Hannuna ya miƙe kafin in ba shi izini.
Bakina ya ce, Awut!

Teku ma ta ji.
Daga sama wata murya da na sani ta faɗo,
Ke ba 'yar Zango ba ce?
Azara ta dube ni, kallon da ya fi wasan tsawo,
sannan ta tafi raga ta miƙa hannu.
Matar kujera ta uku ta fito da carbinta fili.

Na koma gida a ƙasa. Ban shiga mota ba.

Da safe yunwa ta fi ni ƙarfin hali,
na bi layi a gaban tukunyar Lariba.
Ba ta ɗago ba. Ta zuba, ta sa yaji, ta sa taliya,
sannan ta ce wa ludayi,
Da nawa ta fita?

Na ɗaga yatsa ɗaya.

Ta dube shi, ta dubi nata,
mai kauri, mai tabon wuta.
Ta ce, Yatsanki ko nawa?

Ta naɗe ganyen.
Ba ta sa mini ƙwai ba.
Ba ta kuma karɓi kuɗina ba.