Daren Zaɓe a Shagon Noreen

Toledo, daren Alhamis, ƙarshen Afrilu.
Ruwa na dukan gilashin shagon Noreen Dubicki,
talabijin ɗaya tal a saman firji,
mu goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa, wuya a miƙe
kamar kaji sun ji motsin tsaba.

Layin ƙungiyarmu ya zo, na goma sha tara.
Aka kira suna: Cordell Ravenel,
ɗan gefe, mai cafe ƙwallo,
shekara ashirin da ɗaya,
daga wani ƙauyen Carolina da ko taswira sai ta yi tunani.

Wendell Prochaska ya dangwarar da kofi.
"Kuma dai?
Na uku ke nan cikin shekara huɗu.
Na farko gwiwa ta ci shi,
na biyu yana can yana tallan inshora.
Mai jifanmu kullum a ƙasa, bakinsa cike da ciyawa,
ba a gina masa katanga ba,
sai a ƙaro masa barewa.
Daga kwance zai jefa mata?"

Shekara talatin da ɗaya Wendell ya yi a masana'antar gilashi.
Ya san abin da hannu ke riƙewa,
ya san ƙarar abin da ya suɓuce.

Marcellus, direban bas,
ya zaro waya yana karantowa kamar mai raba gado:
yadi arba'in cikin daƙiƙa huɗu da 'yan kai,
tsalle ya kai kafaɗar mutum,
tafin hannu inci goma.
"Wannan yaron iska ce, Wendell."
"Iska ba ta da yatsu.
Karanto nawa ya zubar bara."
Shiru.
"Tara," in ji Marcellus, can ƙasan maƙoshi.

Sai shago ya rabu biyu.
Lorraine mai aikin jinya ta ce tara cikin ɗari da biyu ba zunubi ba ne.
Wani ya ce ai a can ba sanyi,
bari Disamba ta zo, ƙwallo ta zama dutse,
ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ɗan Noreen, da bai kai sha biyu ba,
ya rantse tun Janairu ya hango shi.
Ba wanda a cikinmu ya taɓa gudun yadi arba'in
sai in bas ɗin Marcellus za ta wuce shi.

Ni dai ina goge kofuna, ina kallon allo.
Ga falon gidansu can:
kujerun roba na aro, balan-balan,
wata tsohuwa da rigar coci ta rufe baki da hannu biyu.
Wayar yaron ta yi ƙara.
Ya miƙe, jiki na ɓari,
wayar ta zame daga kunnensa,
ta bugi ƙirji, ta nufi siminti,
sai hannun hagu ya bi ta
ya tsince ta dab da idon sawu,
bai ko kalla ba.

"Kun gani!" Marcellus ya doki tebur, gishiri ya zube.
Wendell ya daɗe yana juya cokali.
"Waya ce," ya ce. "Ba mai binsa da kafaɗa.
Ba a yabon ɗan kuturu
sai ya shekara arba'in da yatsa."

Sha ɗaya da rabi Noreen ta kashe fitilar waje.
Kowa ya ja hularsa, ya fita da hujjarsa a aljihu.
Wendell ne na ƙarshe.
Ya ajiye dala shida, ya tsaya a bakin ƙofa
yana fama da zif ɗin tsohuwar rigarsa
mai ɗauke da sunan wanda gwiwa ta ci.
Bai juyo ba ya ce da ni:
"Yaron nan,
lamba nawa suka ce zai saka?"