Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Shikago,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin taga.
Jirgin ƙasa ya wuce ta saman titi, shayina ya girgiza.
Na sake mayar da kaset baya,
karo na talatin ke nan.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya kacal
Loretha Baines ta saki kalmomi ta kama iska
a wani kulob na ƙarƙashin ƙasa,
tun ba a haife ni ba.
Ni kuwa ga fensir, ga layuka biyar,
ina ɗibar ruwa da rariya.

Shu-bi-dun, na rubuta.
Na goge. Shu-wi-dun ne.
A'a. Tsakanin bi da wi akwai wani harafi
da leɓɓanta kaɗai suka san gidansa.
Ba Turanci ba ne, ba yaren kowa ba ne,
amma mai ganga ya ji,
har ya mayar mata da amsa.

A daƙiƙa ta sha tara kofin wani ya faɗi ya fashe.
Ko gezau ba ta yi ba.
Ta tsinci ƙarar daga ƙasa, tilin,
ta juya ta sau uku a kan harshe,
ta miƙa wa mai saksafon.
To, wannan a wane layi zan zaunar da shi?
Na ɗiga baƙi, na ja masa wutsiya,
na rubuta a gefe: nan gilashi ya mutu.

Ran Lahadi na kai mata takardar
gidan tsofaffi, bayan cocin jan bulo.
Shekara tamanin da bakwai, bargo a gwiwa.
Na rera mata ina bin layi da yatsa,
ban tsallake ko numfashi ɗaya ba.

Ta ce, "Cornell, wa ya yi wannan?"
Na ce, "Ke."
"Ni? Oho, daren nan!
Takalmi ne ke cizona,
baiti na biyu kuma ya gudu ya bar ni.
Da in yi shiru gaban mutane..."
Dariya ta ƙwace sauran maganar.

Sai ta buga cokali a jikin kofi,
ta lumshe ido,
ba-du-liya, zam, zam,
wani sabo fil, da muryar da ta tsufa ta yi ƙasa.
Hannuna ya tafi aljihu neman fensir.
Ta cafke shi, yatsunta da sanyi.
"Bar shi," in ji ta.
"Wannan na yau ne."