Darasin Ƙwai

Da asuba na sayi ƙwai kiret guda a Mushin.
Mai shago ta ɗauka biki gare ni,
ban gaya mata kawunan mutane na saya ba.

A Idi-Araba ruwa na dukan kwano,
janareta na tari a bayan taga.
Ɗalibai tara, riga fara, hannu na ɓari.
Na ce, kowa ya ɗauki ƙwai da na'urar huji,
ku kankare ɓawon nan a hankali,
amma tantanin ciki, kada ya ji labari.

Folarin ya fasa uku kafin in rufe baki.
Nkiruka ta riƙe numfashi har ido ya kaɗa.
Saki, 'yata, saki,
hannun da ba ya numfashi shi ke ɓarna.

Tanimu ɗan Agege bai ce uffan ba,
sai ga ƙwansa tsirara, fitila na ratsa shi,
gwaiduwa na lilo a bayan mayafi.
Na ce, mece ce sana'ar gidanku?
Ya sunkuyar da kai: kakana gyartai ne.
To ai ka zo gida, ɗana, ƙoƙo ƙoƙo ne,
sai dai furar da ke cikin wannan
in ta zube, ba a sake damawa.

La'asar sakaliya aka shigo da kwandasta,
ya faɗo daga danfo a Oshodi,
ƙwayar ido ɗaya ta buɗe kamar rijiya.
Jini ya taru ƙarƙashin ƙashi.
Suka jeru a bayana, tara, ba mai motsi.
Na huda. Na ɗaga. Baƙin gudaji ya fito.
Ku dubi abin nan mai motsi kamar awara:
nan sunan uwarsa yake kwance,
nan lissafin canji, nan zagin da ya iya da yare uku.
Goce da faɗin ƙwayar shinkafa
ka raba mutum da hannun damansa.

Kwana biyu ya farka, yana cigiyar takalminsa.

Fasassun ƙwan kuwa, mai shayin bakin get ya soya mana.
Muka ci kuskurenmu da burodi, ana dariya.
Ni na kasa haɗiye nawa.
Na tuna wata yarinya, shekara goma sha ɗaya ke nan,
da hannuna ya goce,
ba kuwa kaskon da ya karɓa.