Farfela Biyu a Marstrand

Jirginmu na kan tudu, cikinsa a bushe,
farfela biyu a kan tebur.

Ta farko, inji na mutuwa sai ta naɗe hannuwa
kamar mai jin sanyi, ruwa ya wuce salin-alin.
Amma a ribas, nauyin jiki gare ta.

Ta biyu kaifi take juya wa ruwa.
Ka ce ja baya, ta ja.
Sai cin giris, ga ɗan karen tsada.

Torvald ya ce, "Gunnhild, iska muke bi,
ɗauki mai naɗewa."

Na shafa tabon goshin jirgin,
na bara, ranar da birki ya ƙi,
muka sumbaci dutsen tasha.

Ban ce uffan ba.
Na ƙirga kuɗin ta biyu.